Ƙwan Farar Zabuwa a Ƙugun Dakta Sagiru

Sagiru Maiwada ba dakta ba ne. Shi da bakinsa yake fara faɗa wa duk wanda ya tsaya sauraronsa, amma daga Toranke har Gaya babu mai kiran sa da wani suna sai Dakta, har ya gaji da gyarawa ya ƙyale. Digiri na biyu ya yi a fiziks, yana koyarwa a wata sakandare a Gaya, yana hawa wani tsohon babur da sai an tura shi yake tashi idan ya kwana a raɓa. In ka tambaye shi me ya karanta, sai ya yi dariya ya ce zafi ya karanta, a ƙasar da Allah ya raba wa kowa zafi kyauta har da gyara.

Shi ne autan Hanne da marigayi Maiwada, manoman gero da dawa da gyaɗa a Toranke ta ƙasar Ajingi. Tun yana ƙarami fartanya ba ta ƙaunar sa, shi ma bai ɓoye mata nasa ba. Yayyensa suna kai kunya uku ƙarshen gona, shi yana tsugune a ta farko yana taɓa ruwan fartanya da ƙotarta, yana mamakin yadda ƙarfen yake ƙuna, itacen kuma bai yi ba, alhali rana ɗaya ta dake su. Ya tambayi mahaifinsa dalili, Maiwada ya ce don wannan ƙarfe ne wancan itace ne, ya kuma tashi ya yi noma kafin a nuna masa wani irin zafin. Da damina biyu ta wuce a haka, tsohon ya yanke shawarar cewa yaron nan gona ba za ta amfana da shi ba, gara a bar wa boko. Sagiru yakan ce duk cikin gidansu shi kaɗai ne lalaci ya kai jami'a.

Yana aji biyu a jami'a a Kano mahaifinsa ya rasu. Ya gama, ya yi hidimar ƙasa, ya koma digiri na biyu, inda malaminsa, wani siririn mutum marar son magana mai suna Dakta Sharfaddeen, ya ɗora masa bincike a kan yadda zafi yake ratsa abin da ake kira ɗigon kwantum. Wannan ɗigo wani ɗan mitsitsin abu ne da ake ƙerawa daga irin sinadarin da ake yin ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta. Idan aka raba kaurin silin gashi gida dubu goma, kashi ɗaya shi ne faɗinsa. Ana sa shi tsakanin waya mai zafi da waya mai sanyi, sai zafin ya rasa hanyar tsallakawa in ba ta cikinsa ba. Masu ɗaukar zafin su ne elektiron, 'yan mitsi-mitsin da ke ɗauke da wutar lantarki, kuma ɗigon ba ya barin su wuce a tare, sai ɗaya bayan ɗaya, shi ma sai wanda ƙarfinsa ya dace da ƙofar. Aikin Sagiru shi ne ya lissafa yawan zafin da yake wucewa idan ɗigon ya manne da wayoyin sosai, da kuma idan taɓawar sama-sama ce. Masana suna fatan wata rana a yi amfani da irin wannan a sanyaya na'urori daga cikinsu.

Shekara uku ya yi a kan wannan lissafi, kuma ko sau ɗaya bai taɓa ganin ɗigon da idonsa ba. Duk aikin a kwamfuta ne, wata tsohuwar kwamfutar cinya da take ɗaukar zafi ta mutu da zarar lissafi ya yi nisa. Sai ya ɗora ta a kan marafan kwalba huɗu don iska ta shiga ƙarƙashinta, ya zauna da mafici yana yi mata fifita. Abokan ɗakinsa sun sha dariyar mai binciken sanyaya na'urorin duniya da ya kasa sanyaya tasa. Da ya gama ya nemi koyarwa a jami'a bai samu ba, ya nemi tafiya ƙasar waje bai dace ba, sai ya dawo Gaya ya kama alli. Ya auri Fiddausi, malamar Islamiyya mai saurin dariya, suka sami 'yarsu Ummi.

Duk wannan bai dame shi ba kamar abu guda. Mahaifiyarsa ba ta san abin da za ta ce ɗanta ya karanta ba. A gidan suna ko biki, idan mata suka zauna, wannan ta ce ɗanta soja ne, waccan ta ce nata yana allura a asibiti, wata ta ce nata gyaran waya yake yi a Kano. Idan aka zo kan Hanne sai ta ce Auta dai yana can yana karatu. Bayan ya kammala sai ta koma cewa ya gama dai, alhamdulillahi, ta kawo wata maganar. Sau uku yana zaunar da ita don ya yi mata bayani. Karon farko ta tambaye shi ko maganin zazzaɓi ne, tunda zafi ne. Karo na biyu barci ya ɗauke ta. A na uku ta saurara da kyau, sannan ta ce ya kawo mata abin ta gani. Ya ce ai ido ba ya ganin sa.

"Kai ka taɓa gani?"

"A'a, Inna."

"Shi malamin naka fa?"

"Shi ma bai taɓa gani ba."

Sai ta ce Allah ya sa albarka, da irin muryar da take yi wa marar lafiya sannu. Wannan murya ta daɗe tana ci masa rai. Ya kawo mata kundin bincikensa mai baƙin bango da rubutun ruwan zinariya, ta karɓa da hannu biyu ta gode. Da ya dawo bayan wata guda sai ya tarar da shi a kan bakin tukunyar daddawa. Ta yaba masa ƙwarai, ta ce yana da nauyi, kyanwa ba ta iya ture shi.

Hanne tana da abin da take ji da shi a duniya, fararen zabi. Irinsu ta gada daga mahaifiyarta, wadda ta taho da su daga Balan a cikin kwando ranar da aka kawo ta gidan miji. Duk Toranke an san in ka ga farin zabo yana kiwo a bakin gona, na gidan Maiwada ne. A bazarar shekarar da wannan labari ya faru wata cuta ta ratsa ƙauyen ta share kaji da zabi, Hanne ta wayi gari da zabo ɗaya da zabuwa ɗaya, kaza kuwa ko ɗaya ba ta rage mata ba. Da ruwa ya sauka zabuwar ta fara ƙwai a cikin ciyawa bayan gonar dawa. Tsohuwar ta bi sawunta har ta gano wurin, ta riƙa ɗebowa da ludayi, don a wurinta hannun mutum ba ya shiga sheƙar zabuwa, in ya shiga ta canza wuri. Ta tara goma sha huɗu a ƙwarya cikin ƙaiƙayi. Wata safiya ta je ta tarar da farin gashi warwatse a ciyawa, muzuru ya riga ta.

Ranar Juma'a Sagiru ya zo gaishe ta, ya same ta zaune da ƙwaryar a cinya. Zabuwa dama ba uwar kirki ba ce, kowa ya san kaza ake sa wa ƙwanta ta kwanta a kai kwana ashirin da takwas. Hanne ta ce za ta yi magana da maƙwabciyarta Amarya, wata tsohuwa da ta haura saba'in amma sunan ranar aurenta ya ƙi sakin ta, domin cikin kajinta da suka tsira akwai wata ja da ta fara alamar kwanci. A nan ne shaiɗanin boko ya raɗa wa Sagiru magana a kunne, in ji shi. Ya ga ƙwai, ya tuna ba abin da suke buƙata sai ɗumi daidai gwargwado, ya tuna kuma duk ƙasar Gaya da Ajingi babu wanda ya yi shekara uku yana lissafin ɗumi sai shi. Ya ce mata ba sai an roƙi kazar kowa ba. Zai haɗa akwatin da zai ƙyanƙyashe su duka, ta ga amfanin karatunsa da idonta.

Ba ta saki ƙwaryar ba. Ya ƙara bayani, ya ce kaza tana tashi ta je kiwo, tana taka ƙwai, tana iya mutuwa, akwati kuwa ba ya ɗaya daga ciki. Ya ji kansa yana roƙo kamar ranar da ya nemi a bar shi ya tafi sakandare. Daga ƙarshe ta rufe ƙwaryar da faifai ta miƙa masa.

"Ba ni da wasu, Auta," ta ce.

Gaskiya dai ya yi aiki. Ya sami tsohuwar kular ruwan sanyi, ya huda mata ƙofofin iska, ya sa fitilar mota a ciki, ya je Kano ya sayo 'yar na'urar da take kashe fitilar idan zafi ya kai, ta kunna idan ya sauka. Ya sa faranti da ruwa don laima, ya rataya ma'aunin zafi a tsakiya. Wutar gari ba abin dogaro ba ce a unguwarsu, don haka ya cire fanka da fitilun gidan daga kan solarsu ɗaya tilo, ya ba akwatin batirin gaba ɗaya. Fiddausi ta koma fifita da mafici, tana cajin waya a maƙwabta, tana kiran ƙwayayen 'yan gatan gida. Ya yi wa kowane ƙwai alama da fensir, yana juya su sau biyar a rana, bayan kowace salla, yana rubuta abin da ma'auni ya nuna a wani littafi. Kullum digiri talatin da bakwai da rabi, ba ƙari ba ragi.

A kwana na goma ya rufe tagogi da rana tsaka, ya haska kowane ƙwai da fitilar waya. Biyu wayam suke, ya fitar da su. Goma sha biyu kuwa ga jijiyoyin jini nan sun bazu a ciki, wani ma har yana motsi. Daga ranar kansa ya kumbura. Lokacin hutun makaranta ne, ba shi da ajin da zai yi wa jawabi, sai ya koma majalisar ƙofar masallaci yana bayani a kan ƙarshen zamanin kaza. Ya ce nan da shekara biyar babu matar da za ta sake roƙon kazar maƙwabta a ƙasar Gaya. Ya buga wa mahaifiyarsa waya ya ba ta labari, ta ce madalla, ta tambaye shi lafiyar Ummi.

Abin da bai shiga lissafin Dakta ba shi ne watan Agusta. A kwana na goma sha bakwai marka ta sauka. Sama ta rufe ruf, yayyafi ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, rana ta yi kwana uku ba ta leƙo ba. Mutumin da ya san yawan zafin da elektiron guda yake ɗauka ya manta cewa sola da rana take ci. Ya riƙa kallon batirin yana sauka, yana fita tsakar gida yana ɗaga kai sama. Da safiyar kwana na ashirin fitilar ta yi ja, ta yi ƙyaf-ƙyaf, ta mutu.

Ya sa Fiddausi ta dafa ruwa, suka cika gorunan roba suka jera a gefen ƙwayayen. Ma'auni ya tashi daga talatin da huɗu ya haura arba'in da ɗaya. Ya fizge gorunan da sauri, ya buɗe murfi, zafin ya faɗo. Ya mayar da su, ya sake hawa. Gumi ya karyo masa duk da sanyin garin, domin ya san sanyi jinkirta ɗan tsako yake yi, zafi kuwa dafa shi yake yi a cikin ɓawo. Fiddausi ta ce ya kira Inna. Ya ce me Inna ta sani game da wannan. Sai ta ajiye masa wayar a kan murfin kular ta koma kicin. Sai da hantsi ya dubi ludayi girman kai ya sake shi, ya buga.

Ya shirya jin faɗa, ko kuka, ko waccan muryar ta sannu. Hanne ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tambaye shi ko ƙwayayen da sauran ɗuminsu, ya ce akwai. Ta ce ya tuɓe riga ya ɗaura su a cikinsa, fata da ɓawo, kada ya sa tsumma a tsakani, ya taho yanzu, kuma kada ya kuskura ya hau babur.

Haka aka yi. Fiddausi ta ɗauko zanin da take goya Ummi da shi da majanyinsa, ta jera ƙwai goma sha biyu a kewayen cibiyar mijinta, ta naɗe, ta ɗaure ta baya. Tana yi tana cije leɓe, kafaɗunta suna rawa, har ya ce mata ta yi dariyar kowa ya huta. Ya zura babbar rigarsa ta Juma'a a kai, ya fito yana tafiya a tattale. A bakin titi ya ɗauki shatar adaidaita sahun wani Kamalu, wanda ya taɓa zama ɗalibinsa, ya ce masa ya tafi a hankali, duk ramin da ya gani ya gaishe shi kafin ya shiga. Kamalu ya dubi cikin malaminsa ta madubi, ya ce ma sha Allah, hutu ya karɓi Dakta. Mutum biyu a hanya sun ɗaga masa hannu suna yi masa barka da teɓa, shi kuwa yana zaune a miƙe, hannu biyu tallafe da ciki, yana karanto duk addu'ar da ya sani.

Saura kaɗan su shiga Toranke adaidaitar ta kafe a taɓo. Kamalu ya sauka yana turawa, yana jiran Dakta ya kama masa, Dakta ya ce yau dai ba zai iya ba, ya yi haƙuri. Ya ƙarasa da ƙafa cikin yayyafi, yana ɗaga sawu ɗaya ya ajiye kafin ya ɗaga ɗayan, kamar mai cikin wata tara. Wannan kwatancen nasa ne, ba na kowa ba.

Abin da ya fi ƙona masa rai yana ƙofar gari. Dattawa suna zaune a rumfar Malam Kabo, aminin mahaifinsa, mutumin da ya yi masa huɗuba ranar da aka haife shi. Tun da Sagiru ya yi wayo bai taɓa wuce rumfar nan ba sai ya cire takalmi ya durƙusa har ƙasa. Ranar kuwa durƙuso ɗaya zai iya gamawa da irin zabin kakarsa. Ya tsaya ƙiƙam daga nesa, ya ɗaga murya ya yi sallama, ya ce barkanku da hutawa, ya wuce. Ya ji wani a bayansa yana cewa ai dama ƙarshen boko ke nan, ciki ya yi gaba, ladabi ya yi baya. Ya so ƙasa ta tsage ya shige, amma ko shigewar ma sai ya sunkuya.

Hanne tana tsaye a bakin zaure da lulluɓi a ka. Ba ta tsaya gaisuwa ba, ta wuce gaba ya bi ta har bayan rumbu, inda tsohon akurkinta yake, wanda ya san babu komai a ciki tun bazara. Ta janye faifan da ya rufe ƙofar. Wata jar kaza tana kwance a ciki, ta baje fikafikai, tana hararar su tana gurnani. Tsohuwar ta zura hannu ta ɗago ta. A ƙarƙashinta ƙwallayen goruba ne guda goma, sun yi santsi saboda kwanci.

Sagiru ya tambaye ta kazar wa ce. Ta ce ta Amarya ce. Ya tambaya tun yaushe take nan.

"Tun ranar da ka tafi da su," ta ce. "Da yamma na karɓo ta. Na sa mata goruba don kada kwancin ya sake ta."

Ya tsaya da ƙwai a ƙugu, ruwa yana ɗiga daga hularsa. Kwana goma yana jawabi a majalisa a kan ƙarshen zamanin kaza, ashe kwana ashirin ke nan wata kaza tana kwance a kan goruba tana jiran ranar da zai kasa. Kunya ta kama shi, haushi ma ya ɗan taso masa. Ya ce to in ta san haka za a yi, me ya sa ta ba shi tun farko, alhali ga kaza a hannu kuma ba ta da wasu ƙwayayen.

"Ban san haka za a yi ba," ta ce. "Na dai san damina. Kai kuma shekara nawa kana so ka nuna mini abin da ka karanta. In na hana ka, da me za ka nuna mini?"

Nan haushin ya mutu. Ya gane cewa tsohuwar nan ta ɗauki abin da ya rage mata na mahaifiyarta ta damƙa masa, ba don ta yarda da akwati ba, sai don ta ga yana buƙatar a yarda da shi. Idonsa ya ciko, ya sunkuyar da kai, ya tuɓe riga yana kwance majanyi don kada ta gani. Ta kwashe gorubar, ta riƙa karɓar ƙwayayen ɗaya-ɗaya daga cikinsa tana jerawa a sheƙar. Babu wanda ya fashe, don ɓawon ƙwan zabi da tauri.

Kafin ta mayar da kazar sai ta kifa ta a hannu ta ce ya duba. Ƙirjin kazar babu gashi, fata ce tsurara, ja, ita da kanta ta fige shi. Ta ce ya sa hannu. Ya sa, ya ji ɗumi yana shiga tafinsa. Hanne ta ce shi akwatinsa ɗaki yake ɗumamawa, ita kuwa kaza ba ruwanta da akurki, abin da ta taɓa kawai take ba wa ɗumi, shi ya sa take cire gashin don kada ya shiga tsakani. Wurin taɓawar ɗan kaɗan ne, bai fi kan yatsa ba, ta nan duk ɗumin yake bi. Don haka take juya su da baki, na gefe ya dawo tsakiya, kowa ya sami rabonsa.

Sagiru ya daɗe da hannunsa a ƙirjin kazar. Sannan ya ce, a hankali, "Inna, ai wannan shi ne abin da na karanta."

Ya tsuguna a gefen akurkin, yanzu da ya sami damar tsugunawa, ya yi mata bayani karo na huɗu. Ya ce ga abu mai zafi, ga abu mai sanyi, ga 'yar ƙofa a tsakaninsu, kuma yawan ɗumin da zai wuce ya danganta da yadda suka taɓa juna a ƙofar nan. Nasa dai ƙofar ta yi ƙanƙantar da ɗumin sai ya bi layi ɗaya-ɗaya, kuma a cikin waya da kwamfuta ake son sa ta. Wannan karon ba ta yi barci ba, ba ta nemi a kawo mata ta gani ba. Ta mayar da kazar, ta jira har ta gyara kwanciya ta tattaro ƙwayayen da baki, ta rufe faifai. Sai ta tambaye shi shekara nawa ya ce ya yi a kan wannan. Ya ce uku. Ta dube shi, ta dubi akurkin, dariya ta ƙwace mata har sai da ta dafa rumbu. Shi ma ya bi ta, yana tsugune ba riga sai majanyi a wuya. Daga nan ya yi alwala ya rama azahar, ya koma rumfar Malam Kabo ya durƙusa sau biyu, ɗaya na ɗazu ɗaya na yanzu, ya faɗi gaskiyar abin da yake cikin rigarsa. Dattawan sun yi mako suna ba da labarin.

Bayan kwana takwas bakwai suka ƙyanƙyashe, farare tas. Biyar sun mutu a cikin ɓawo. Sagiru ya san safiyar da ta kashe su, ya san gorar ruwan zafin da ta yi aikin, kuma har yau in ya zo nan a labarin dariyarsa takan tsaya. Hanne ba ta taɓa ambaton biyar ɗin ba. Ta ba Amarya biyu ladan kazarta, ta riƙe biyar, yanzu fararen zabi sun sake cika bakin gonar gidan Maiwada. Kular kuwa Fiddausi ta wanke ta, tana zuba ƙanƙara a ciki da azumi.

Da kaka ta yi aka yi suna a gidan Malam Kabo, Fiddausi ta je ta zauna kusa da surukarta. Hira ta zagayo kan 'ya'ya kamar kullum, wata baƙuwa daga Balan ta tambayi Hanne shi autan nata da ake ce wa Dakta wane irin aiki ya karanta. Fiddausi ta ce ta sunkuyar da kai tana jiran a ce ya gama dai, alhamdulillahi. Sai ta ji tsohuwar ta gyara zama.

"Aikin kaza ya karanta," Hanne ta ce. "Yadda ɗumi yake bi ta 'yar ƙofa daga jiki zuwa jiki. Sai dai nasa ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya gani, a cikin waya ake sa su. Shekara uku ya yi a kai."

Matan suka yi dariya, baƙuwar ta ce ikon Allah, Hanne kuwa ba ta yi dariya ba, ta ƙara da cewa ba kowa ne zai iya ba.

Da Fiddausi ta dawo Gaya ta ba shi labari tana kwaikwayon muryar tsohuwar. Sagiru ya saurara har ƙarshe, ya sa ta maimaita, sannan ya tashi ya fita tsakar gida ya tsuguna a gaban babur ɗinsa, ya daɗe yana taɓa wata ƙusa da babu abin da ya same ta. Ya ce malamai huɗu ne suka zauna suka karanta kundinsa, suka yi masa tambayoyi awa biyu, amma babu wanda ya faɗi abin da yake ciki daidai kamar matar da ba ta taɓa buɗe shi ba. Kundin yana nan a Toranke a kan tukunyar daddawa, kuma bai sake cewa a ɗauke shi daga wurin ba.